Sarƙar Hagu

Ranar Asabar, wata bakwai da rasuwar matata, na durƙusa a gaban wata 'yar motar igwa ta roba, na ga sarƙarta ta hagu a juye.

A zauren taro na makarantar koyon sana'a abin ya faru, inda ƙungiyarmu ke baje aikinta sau ɗaya a shekara. Ƙungiya dai a baki. Tsofaffi ne goma sha ɗaya, biyu ba sa ji, ɗaya kuma shayin ne ke kawo shi. Motocin yaƙi na roba muke harhaɗawa, irin waɗanda ake sayarwa gutsi-gutsi a kwali, in an gama kowace ba ta wuce tsawon tafin hannu da rabi ba. Wasu jirage suke yi, wasu tankoki. Ni da abokina Mai Agogo motocin igwa muke yi, kuma duk wanda ya kira su tanka sai na gyara masa, ko baƙo ne. Tanka cikin faɗa take kutsawa. Motar igwa kuwa ƙatuwar bindiga ce da aka ɗora a kan mota mai sarƙa maimakon taya, don ta kai kanta bayan tudu, ta yi harbi daga nesa, ta sulale kafin a gane daga ina aka yi. Shekara talatin da huɗu na yi ina aikin laburare, na san marubuta da yawa masu irin wannan hali.

Ni ne alƙalin ɓangaren motoci a bana. Motar tana kan tebur na uku, da takarda a gabanta mai sunan Mai Agogo. Ban taɓa ganin ya yi aiki irinta ba. Fentin ya koɗe daidai inda rana za ta ci shi, tsatsa ta gangaro daga ƙusoshi siriri-siriri, bakin ƙofar da sojoji ke takawa yana ɗan sheƙi irin na ƙarfen da takalmi ya goge. Na rubuta tara bisa goma. Ban taɓa ba kowa tara ba. Sannan na zagaya ɗaya gefen, na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara.

Sarƙa ita ce azabar wannan aiki. Kowane gefe yana da 'ya'ya tamanin da wani abu, kowane bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, da hantsaki ake ɗaukarsa a ɗiga masa gam. A bayan kowane ɗa akwai zane kamar kan kibiya, kuma dole kibiyoyin dama da na hagu su kalli waje ɗaya. In mutum ya ɗaura ta dama, ya juya motar, ya ɗaura ta hagu yadda hannunsa ya ɗaura ta farko, to ta hagu baya za ta kalla. Kuskuren sabon shiga ne, sau ɗaya ake yin sa. Mutum ɗaya na sani a duniya da ya yi shekara ashirin da shida yana maimaita shi.

Malama, matata. Lissafi ta koyar a firamare har ta ajiye aiki. Da farko riƙe mini abu take yi in ina mannawa, daga baya ta karɓi fenti, daga baya kuma ta fara harhaɗa nata a ƙarshen teburina, wajen taga. Kowace mota ta gama, sai na ɗaga ta na nuna mata sarƙar hagu, na buɗe littafi na nuna mata yadda take a hoto, ita kuma ta ɗauki reza ta ɓamɓare aikin kwana uku. Takan ce hannunta ne ke da nasa ra'ayin.

Na kira Mai Agogo. Ya zo da kofin shayi a hannu.

"Ƙamus, me ka gano kuma? Ƙusa ɗaya ta yi gajarta?"

Ƙamus suke kirana, kuma ba yabo ba ne.

"Sarƙarka ta hagu tana kallon baya."

Bai duba ba. Wannan ne abin da na tafi gida da shi. Mutumin da ya yi shekara arba'in da gilashi a ido yana tono cikin agogo, wanda in ka ce masa maɓallin rigarsa ya karkace sai ya duba sau biyu, an ce masa aikinsa na wata huɗu yana da aibi, bai ko sunkuya ba.

"Tsufa ne," ya ce. "Ido ya tafi."

"Ido ya tafi ya bar hannun da ya yi wannan tsatsar?"

"To ka rage maki mana. Ba shi ne abin da ka fi iyawa ba?"

Na rage. Na mai da tara takwas. Duk da haka ita ta zo ta ɗaya, don sauran abin da ke zauren, in an ajiye kara a gefe, shara ne. Da aka ba shi kyautar, wani ƙyalle mai ruwan zinare, ya karɓa kamar wanda aka miƙa wa jaririn maƙwabta.

Da na koma gida na wuce kai tsaye ɗakin aiki. Tun da ta rasu ban taɓa ƙarshen teburinta ba, ƙura kawai nake hurewa. Burushinta suna cikin wata kwalbar zuma. Bakwai ne, ni na saya mata. Na tarar da huɗu. Ukun da suka ɓace su ne mafi sirara, har da wanda gashinsa bai fi goma ba, wanda take ja wa tsatsa layi da shi. Hantsakinta mai lanƙwasasshen baki shi ma babu. Na duba aljihun tebur, na duba ƙarƙashin kujera, na duba har cikin akwatin ɗinki. A akwatin ɗinkin na sami katinta na asibiti.

Kowace Laraba Malama takan fita da ƙarfe tara. Asibiti, in ji ta, a auna hawan jini, daga nan kasuwa, daga nan ta leƙa wata ƙawa. Takan dawo wajen huɗu da leda ɗaya ko biyu. Katin kuwa ya ce sau ɗaya a wata ake ganinta, kuma ranar Litinin. Na karanta shi sau uku. Rubutun likita ne, amma ni na karanta abin da ya fi shi muni.

Zargi aiki ne mai tsari, kamar jera littattafai. Da zarar ka buɗe sabon kanti, sai ka ga littattafan da suka dace da shi sun daɗe a gidanka, wurin da za ka sa su ne ba ka da shi. Na tuna agogon hannunta, wanda ya riƙa lalacewa fiye da kowane agogo a gari. Na tuna ranar jana'iza, yadda Mai Agogo ya yi kuka har ƙanena ya ja shi gefe, mutane suna zuwa suna yi masa gaisuwa suna wuce ni. Na tuna ranakun Laraba da takan shigo da warin tina a gyalenta, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ni kuma in ɗauka warin gidana ne ya bi ta. Na tuna wata rana da ta yi dariya a kicin ita kaɗai, na tambaye ta, ta ce ba komai. Shekara talatin da ɗaya muna tare. Na zauna a kujerarta ina jera su, ba wanda ya ƙi shiga.

Shi kuwa gajere ne, da sanƙo, yana tari kafin kowace magana, kuma bai taɓa karanta littafi ya kai ƙarshe ba. Wannan bai kwantar mini da hankali ba. Na karanta isassun labarai na san mata ba sa duba irin waɗannan abubuwan yadda ya kamata.

Ranar Talata Auta ta zo, 'yarmu, wadda ke aiki a kantin magani. Takan kawo mini ƙwayoyina a jere cikin 'yar roba mai rami bakwai, kamar ban san kwanakin mako ba. Ta same ni da jakar uwarta a cinya, na zazzage ta a kan gado.

"Baba, me kake nema a jakar Mama?"

"Hantsaki."

"A jakar fita?"

"Inda ya kamata ya kasance babu shi, sai in duba inda bai kamata ba. Ke, uwarki ina take zuwa ranar Laraba?"

Ta sunkuya tana tattara kayan, hoda, makullai, wani tsohon tikitin mota. Auta ba ta iya ƙarya ba, uwarta ce ta raine ta. Amma ta iya jinkiri, wannan a wurina ta gada.

"Asibiti mana."

"Litinin ne asibiti. Sau ɗaya a wata. Ga katin."

"Baba, yanzu binciken matacciya kake yi?"

"Ai ita ce ba za ta ji haushi ba. Ina take zuwa?"

"Ka sha na safe?"

"Na sha na safe, na sha na rana, zan sha na dare in Allah ya kai mu. Ina take zuwa?"

Ta zuge jakar ta rungume ta a ƙirji. "Ta ce kada in faɗa maka, kuma ba zan faɗa ba. In kana son sani ka tambayi Kawu Mai Agogo."

"Au, har ke kin sani."

"Kowa ya sani, Baba."

Ta faɗi haka a gajiye, ta tafi da jakar. Kowa ya sani. Na yi kwana biyu ina tauna kalmomin nan. Na riƙa tuna fuskokin tsofaffin ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, har da kuramen nan biyu, ina neman wanda ya taɓa yi mini kallon tausayi. Duka sun taɓa.

Tambayar mutum ba hanyata ba ce. Wanda ka tambaya zai ba ka amsar da ya shirya, abu kuwa ba ya shiri. Kuma akwai wuri ɗaya a jikin motar nan da zai gaya mini gaskiya. A gaban motar igwa akwai ɗan ɗakin direba, da kujera da sandunan tuƙi da allon mita, wanda in an manne murfinsa ba mai sake ganinsa har abada. Mai Agogo bai taɓa yi wa wannan ɗaki fenti ba, yakan ce ba ya ɓata fenti a inda ido ba ya zuwa. Ni ma ba na yi. Malama kuwa sai ta yi kwana biyu a ciki, ta yi wa kujera launin fata, ta ɗiga fari a kan mita, ta shafa ja a jikin tukunyar kashe gobara da ba ta kai ƙwayar gero ba, sannan ta rufe da gam. Na sha ce mata ɓata lokaci ne. Takan ce direban yana gani.

Ranar Lahadi da hantsi na sa 'yar wuƙar aikina a aljihun gaba, na saka mata murfinta, na hau motar haya zuwa gidan Mai Agogo.

Matarsa ce ta buɗe. Nas muke ce mata, don aikin da ta yi ke nan har ta gaji, doguwa ce mai murya, ta fi mijinta da kai guda.

"Malam, kai ne da rana tsaka? Ka rame. Auta ba ta ba ka abinci ne?"

"Ƙwayoyi take ba ni."

"Shigo, mutuminka yana wanka. In kawo shayi?"

"Kawo."

Motar tana kan kabad ɗin falo, tsakanin rediyo da hoton jikokinsu, an ɗora ƙyallen kyautar a gefenta. Ina jin ruwa na zuba a banɗaki, ina jin ƙarar cokali a kicin. Na sauke ta a kan tebur, na sa tabarau, na zura bakin wuƙa a ƙarƙashin murfin direba. Gam ɗin ya kama sosai. Hannuna kuma ba na da ba ne. Na danna, wuƙar ta zame, murfin ya tashi tare da rabin farantin gaba, igwar ta karye daga gindinta ta mirgina ƙasa.

Kujera mai launin fata. Ɗigon fari uku a kan mita. 'Yar tukunya ja. A kan kujerar har da wata taswira, guntun takarda da bai kai farcen jariri ba, an naɗe shi biyu, an ja masa hanya da jan fensir irin na gyaran jarrabawa.

"Malam, ajiye wuƙar nan kafin ka yanke, ni na daina ɗinki."

Nas ce a bakin ƙofa da tire. Bayanta Mai Agogo, da tawul a wuya, sanƙonsa na ɗiga. Ya kalli motar, ya kalli igwar a ƙasa, ya yi tarinsa.

"Ƙamus, me ka yi?"

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tun yaushe matata ke zuwa gidanka ranar Laraba?"

"Shekara huɗu. Da 'yan watanni."

Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Shekara huɗu. Kana cin abinci a gidana, kana aron littattafaina ba ka karantawa, ka zo ka fi ni kuka a kan kabarinta, sannan ka ɗauki aikin hannunta ka sa sunanka ka ajiye a gabana in ba ka maki. Ko kunyar gyara sarƙar ba ka ji ba."

Ya daɗe yana kallona. Sai na ga abin ya isa gare shi, a hankali, kamar yadda komai ke isa gare shi. Ya zauna a hannun kujera.

"Au," ya ce. "Abin da kake tunani ke nan."

Nas ta dire tiren da ƙarfi har shayin ya fantsama. "Wa? Wannan? Malam, dube shi da kyau. Ni da na aure shi ma sai da aka lallashe ni."

"Ke bari," ya ce mata. Bai yi dariya ba. "Ƙamus, ranar Laraba ina nake?"

"Kai za ka faɗa."

"Ina shago, daga takwas zuwa biyar. Wa ke zuwa ya zauna mini a benci tun goma, ya buɗe jarida yana gyara wa edita rubutu, ya kore mini masu kawo gyara? Wa nake saya wa ruwan sanyi? Wa ke cewa gidansa ba kowa, gara ya zo ya ga yadda jahilai ke neman abinci?"

Mako guda na yi ina bincike. Na ƙirga burushi, na karanta kati, na zazzage jaka, na tsare 'yata da tambaya. Ban tambayi kaina inda ni nake ranar Laraba ba.

"Taso," in ji Nas.

Ta kai ni wani ɗan ɗaki a bayan kicin, inda da suke ajiye keken ɗinki da tarkace. An share shi. Tebur ƙarami a gindin taga, an shimfiɗa masa tsohuwar jarida, kujera ɗaya da matashi a kai. Burushi uku a cikin kofi. Hantsaki mai lanƙwasasshen baki. Guntayen fensir da take gogawa a sanfefa ta shafa garin da ƙaramin yatsa, don roba ta yi sheƙin ƙarfe. A bango kuma katako biyu, da motocin igwa takwas a jere. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Akwai wadda aka yi wa farin fenti na ƙasar sanyi, yana zubewa yana nuna koren da ke ƙasa. Akwai wadda aka rataya wa bokiti a baya, bokitin har ya lotsa.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ta gefen hagu. Ba sai na faɗi abin da na gani ba.

"Tara take zuwa," in ji Nas. "In dafa mana shayi, ta shiga nan ta rufe ƙofa. Ni ina falo da rediyona. Sha biyu mu ci abinci mu yi gulmar mazajenmu, ta koma. Uku da rabi ta wanke hannu, ta tsaya a kanti ta sayi abin da za ta riƙe a leda don kada ka yi tambaya. Ashe ma ba ka yi."

"Tana da tebur a gidanta."

"Tana da ƙarshen tebur."

"Ban taɓa hana ta komai ba. Ni na saya mata burushin nan."

"Ta faɗa. Ta ce kai mutumin kirki ne, ba ka taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ce amma zama kusa da kai kamar zaman jarrabawa ne, kuma ita ta yi shekara talatin tana tsaron jarrabawa, ta san yadda yaro ke ji in an tsaya masa a ƙeya ana numfashi. So take ta gama guda ɗaya ba wanda ya buɗe mata littafi."

"Ta san sarƙar a juye take?"

"Malam, matar da ta koyar da lissafi? Ta sani sarai. Ta ce hannunta haka ya saba, kuma a ɗakin nan ba mai sa ta ɓamɓarewa."

Na nemi abin da zan kama. Mai zargi ba ya son komawa gida hannu sake.

"To sunansa fa? Me ya kai sunansa kan aikinta?"

Daga bayana Mai Agogo ya amsa. Ya sa riga, ya ɗauko igwar da ta karye yana juya ta a hannu.

"Doka ta huɗu. Ba a baje aikin wanda ba ɗan ƙungiya ba. Wa ya rubuta dokokin?"

Ni na rubuta su, shafi shida.

"Ta taɓa ce maka tana son shiga," ya ce. "A gabana, a falonka. Ka ce sai ranar da ta iya ɗaura sarƙa. Muka yi dariya, har da ni, Allah ya yafe mini. Da ciwon ya kwantar da ita, mun je dubiya, kai ka fita karɓo magani. Ta ce wa Nas, in an yi baje koli a ɗauki ta ƙarshen a sa a tebur da sunan wani, tana so a ga me za ka ba ta in ba ka san tata ce ba. Na ce zan gyara sarƙar tukuna. Ta ce in na taɓa ba ta yafe ba."

Ya yi tari.

"Nawa ka ba ta kafin ka durƙusa?"

Na mai da ido kan motocin da ke bango.

"Na ga takardar, Ƙamus. Na ga inda ka soke."

Nas ta kawo kwali, ta shimfiɗa tsumma a ciki, ta sa motar da farantin da ya ɓalle. Mai Agogo ya ɗora igwar a kai da kansa. Sauran takwas ɗin ta ce suna nan inda mai su ta bar su, in ina son ganinsu in zo in gani, amma ba da wuƙa ba.

Ya raka ni bakin ƙofa, abin da bai saba ba.

"Shekara arba'in," ya ce. "Da ka ce na saci aikinta ne kawai, da na ce ka yi gaskiya rabi. Amma ka zauna mako guda kana kallona da wancan a ranka. Ita ma kana kallonta da shi."

"Shaidu ne suka nuna haka."

"Shaidu." Ya gyaɗa kai. "Laraba kada ka zo shago. In na huce zan neme ka."

Wata uku ke nan. Bencin yana nan, na wuce ta can sau biyu a motar haya, wani mai sayar da batir ne ke zama a kai. Auta tana zuwa da ƙwayoyinta, tana magana da ni kamar yadda ake magana da mai jinya. Wani lokaci nakan zauna in sake bin maganar Nas daga farko ina neman inda ta yi rauni, don hali ba ya barin mutum saboda ya ji kunya sau ɗaya. Ban samu ba. Da na samu da na fi samun barci, don cin amana abu ne da aka yi maka, kana iya zama ka ji tausayin kanka.

Na manne farantin, na mai da igwar gindinta. Layin karayar yana nan, wanda ya san aiki zai gani. Ɗakin direba na rufe shi yadda ta bar shi.

Ranar da na gama, na jawo kujera na hau, na sauko da wani littafi daga kantin sama, can kusa da silin. Littafin hotuna ne na wani tsohon yaƙi, mai nauyi, bangonsa ya fara cin kansa. Shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. Motar igwa ce ta gaske a gefen wata hanya mai taɓo, sojoji huɗu suna zaune a kanta suna cin abinci a gwangwani, ɗaya yana dariya da wanda ya ɗauki hoton. Sarƙar dama tana kallon gaba. Ta hagu tana kallon baya. A ƙasa marubucin ya yi bayani cikin layi biyu, cewa a fagen fama in sarƙa ta tsinke akan ɗaura ta yadda ta zo hannu, kuma motar takan yi tafiyarta.

Shekara goma sha tara da suka wuce na ga hoton nan, wata ranar Alhamis da la'asar. Tana ƙarshen tebur, da reza a hannu, tana ɓamɓare sarƙar da na sa ta cirewa, 'ya'yan suna faɗowa kan jarida ɗaya-ɗaya. Ta kai rabi. Na kalli hoton, na kalle ta. Ta ɗago ta ce, "Mene ne?" Na ce ba komai. Na rufe littafin, na hau kujera, na sa shi inda hannunta ba ya kaiwa.

Kalmomi takwas ne ban faɗa mata ba a ranar, na sha ƙirga su. Malama, bar ta haka, sojojin ma sun yi.